Bututun da Ke Bayan Rumbu

Har yau in na ji wani yana yabon kunya, wai ita ce adon mutum, sai raina ya ɓaci. Ni dai na ga abin da kunya ta ci. Ta ci tafki guda cike da kifi, ta raba ni da mijina shekara da shekaru, kuma duk waɗanda suka taya ta wannan ɓarna mutanen kirki ne da ba su taɓa zagin kowa ba. Wannan ma shi ya fi ba ni haushi, don da mugu ne ya yi mini, da tuni na zage shi na huta.

Ƙauyenmu yana tsakanin Funtua da Malumfashi, sai ka sauka daga titi ka yi 'yar tafiya cikin gonakin dawa da auduga. Mu Kirista ne, kakanninmu Maguzawa, amma in ana maganar al'ada ba abin da muka ajiye a ƙofar majami'a. Ni ce 'yar fari a gidanmu. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, Baba kuwa ko ido ba ya haɗawa da ni. In Inna za ta aike ni, sai ta dubi tukunya ta ce, "A ɗebo ruwa." In Baba na nemana sai ya ce, "Ina waccan?" Haka na tashi, ban kuma ga aibun abin ba sai da ya taɓa ni.

Lokacin da aka yi aurenmu, ƙarshen shekarun saba'in, maigidana yana aiki a wani gidan gurzar auduga a Funtua. Shi ke kula da famfo da tankunan ruwa. Kullum da keke yake zuwa ya dawo, gashinsa fari fat da ƙurar auduga, in yi ta tsokanarsa wai na auri tsoho. Muna cikin haka auduga ta fara ja baya, aka rage mutane, har da shi. Abokan aikinsa suka yi ta kama hanyar Kaduna neman aikin masaƙa. Wani ɗan'uwansa da ke can ya aiko cewa akwai gurbi, in yana so ya zo.

Ni ban so ba, na kuma faɗa masa. Na ga matan da mazansu suka tafi Kaduna. Sai Kirsimeti ake ganin mazan, su zo da turmin atamfa da tari irin na ƙurar masaƙa, su koma. Ga shi bayan dogon jira Allah ya ba ni ciki na fari.

Ya ce, "To, uwargida, zan gwada abu ɗaya. Kifi zan kiwata. In ya yi, ina nan. In bai yi ba, ba ni da bakin da zan ce wa ɗan'uwana a'a."

Ka ji yadda zamansa a gida ya rataya a kan kifi.

Bayan gidanmu ƙasa ta gangara zuwa fadama, akwai kuma wani idon ruwa da ba ya ƙafewa. Nan ya shiga haƙa da rani, shi da diga da kwanon sarki. Rami biyu ya yi. Babba a sama, na kifi. Ƙarami a ƙasa, wanda zai riƙa karɓar ruwan da ya yi wa na sama yawa, mu kuma mu riƙa ɗiba muna ban ruwan lambu, don ya ce ruwan da kifi ya yi kashi a ciki taki ne. Tsakanin ramukan biyu ya tayar da jinga ta jar ƙasa, mai kauri, ya daddaɓe ta. Mutane na wucewa suna dariya, wai wa ya taɓa kiwon kifi kamar akuya. Bai kula su ba.

Abin da ya hana shi sukuni ɗaya ne: ta ina ruwa zai bi daga sama zuwa ƙasa? Da rani ba damuwa, idon ruwa a hankali yake tsiyaya. Amma in marka ta zo, duk ruwan gangaren nan cikin tafkin zai zuba. In ba a yi masa hanya mai kyau ba, shi zai yi wa kansa. Ya yi makonni yana juya maganar, yana zane a ƙasa da tsinke, ina tuƙa tuwo yana yi mini bayani ko ina so ko ba na so.

Hanya uku ce, in ji shi. Ta farko, a tsaga bakin jinga a yi makwarara, a jera duwatsu, a tare da asabari don kada kifi ya bi. Ita ce mai sauƙi, ita kowa ya sani. Amma ganye da ciyawa a saman ruwa suke yawo, su za su toshe asabarin, ruwa ya taru ya bi ta gefe ya fara cin ƙasa. Ga tarwaɗa, da ta ji motsin ruwa mai gudu sai ta bi shi, ko da hawa ne. Ta biyu, a kwantar da bututu a cikin jinga can sama. Ya fi tsaga, amma shi ma bakinsa a saman ruwa yake, inda shara take. Ta uku ita ce tasa, ita ya gani a tankunan gidan gurza ya ƙara mata nasa tunani.

Wannan ta ukun sai da ya gwada mini. Ya ɗauko tsohuwar ƙwaryata da ta huje a gindi, ya yanko hannun ganyen gwanda, mai rami a ciki, ya soka a hujin ya tsayar da shi, ya liƙe da danƙo. Ya zuba ruwa. Ruwa ya yi ta hawa har ya kai bakin karan gwandar, daga nan bai ƙara ba, sai ya riƙa faɗawa ciki yana fita ta ƙasa. Sai ya samo gwangwanin madara ya cire masa kai da gindi, ya yi masa ƙananan huji ta ƙasa, ya kifa a kan karan. Ya watsa dusa a ruwan. Dusa ta yi ta yawo a sama, ba ta sami hanya ba, ruwa kuwa yana shiga ta hujin ƙasa yana hawa yana fita abinsa.

Ya ce, "Kin gani? Shara na sama, kifi na tsakiya, ruwan da ya fi datti na ƙasa, shi ne zai fita. Kuma zan kafa na biyu kusa da shi, ya ɗara shi tsawo da taƙi ɗaya. Shi ba zai yi aikin komai ba, sai ranar da na farko ya kasa."

Na ce, "Ka ɓata mini dusa."

Amma na gane, Allah ya sani na gane, har na ji daɗi a raina cewa wannan mai kan nawa ne. Ya je Funtua ya samo bututun ƙarfe guda biyu da gwiwar haɗa su a wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa, ya ɗauro su a keke, ya turo keken da ƙafa tun daga titi. Ya jingine su a bayan rumbu. Ya bar gibi a tsakiyar jinga inda za su bi ta ƙarƙashi. Sai ya kira gayya don a kafa su a rufe gibin a rana ɗaya, a daddaɓe.

Ranar gayya maza suka taru, na dafa musu dambu da kunu. Aiki ya fara ke nan sai ga Baba. Gidansu yana ƙetaren rafi, majami'armu ɗaya, shi dattijo ne a cikinta, amma tun da aka kawo ni bai taɓa taka gidana ba, don ba a yi. Ranar nan ma ba gidan ya shigo ba, ta baya ya zagayo don ya yi wa masu aiki sannu. Maigidana na hango shi ya yar da shebur, ya cire hula, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa cikin taɓo. Aka gaisa. Aka sake gaisawa. Aka tambayi gajiya, aka tambayi gida, aka tambayi zafi. Daga nan magana ta ƙare. Me suruki zai ce wa suruki? Shiru ya yi tsawo, mutane sun dogara da fartanyoyinsu suna jira.

Sai Baba ya ɗaga sandarsa ya nuna kusurwar jinga ta gabas, ya ce, "A zamaninmu in an tare ruwa, nan gefe ake tsagawa, a sa asabari."

Maigidana, kansa a ƙasa, ya ce, "To, Baba."

Ina tsaye da ƙwaryar kunu a hannu. Kafin in ajiye ƙwaryar, 'yan gayya sun yi kusurwar gabas da fartanya, ana cewa, "Dattijo ya faɗa, dattijo ya faɗa!" Waɗansu kuma suka hau cike gibin da aka bar wa bututu, suna zuba ƙasa suna takawa suna waƙa. Shi kuwa mai tafkin, mai ƙwarya da karan gwanda, har da shi a ɗaukar duwatsun da za a jera a makwararar. Baba ya tsaya kaɗan, ya ce Allah ya sa albarka, ya juya ya tafi. Bututu na nan a bayan rumbu ko taɓa su ba a yi ba.

Da mutane suka watse na tare shi a tsakar gida.

Na ce, "Maigida, me na gani yau?"

Ya ce, "Me kika gani?"

"Haba! Makonni nawa ka hana ni sakat da bayanin toshewar asabari? Kai ne fa ka ce tarwaɗa na bin ruwa mai gudu. Ko ƙarya kake yi mini?"

"Ba ƙarya nake ba."

"To me ya hana ka buɗe baki?"

Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe a kasuwa. Ya ce, "In ce wa mahaifinki bai iya ba? A gaban jama'a? Mutumin da ya ba ni ke?"

Na ce, "Ya ba ka ni, bai ba ka tafki ba! Baba manomin dawa ne, tun da aka haife ni ban taɓa ganin ya kama ko ɗan karfasa ba. Ruwan da suka tare a zamaninsu na shan shanu ne."

Ya ce, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba."

Kai, ranar nan da ludayi ne a hannuna da ya sha shi a goshi. Shi kansa bai yarda da karin maganar ba, na ga haka a fuskarsa. Na sassauta murya na ce to, a bar makwararar Baba a inda take, a ƙara bututun. Wa ya ce ba za a yi duka biyu ba? Ya ce bututun ta ƙarƙashin jinga zai bi, sai an sake farke ta, kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne. Duk gari zai ji cewa ya tone aikin gayya don maganar surukinsa ba ta ishe shi ba. Ya ce zai riƙa kula da asabarin da hannunsa, duk ruwan da aka yi zai fita ya share. Na ce in yana masai fa? In yana kasuwa fa? Ya ce Allah zai kiyaye.

Washegari na ƙetare rafi na tafi gidanmu. Na san ba zan iya tunkarar Baba ba, ban taɓa yi masa magana da ta wuce gaisuwa ba. Na sami Inna tana tankaɗe. Na zauna na zayyana mata komai, har da ƙwarya da gwangwani. Na ce abu ɗaya nake roƙo, ta sa baki Baba ya aika ya ce wa yaron nan ya yi yadda ya ga ya fi. Kalma ɗaya ta isa.

Inna ba ta ɗago ba. Ta dubi rariyar da ke hannunta ta ce, "A gaya wa mutanen gidan can, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Na ce, "Inna, in kifin nan ya tafi, shi ma tafiya zai yi."

Ta ce wa rariyar, "Yaro ya girmama babba, sai a je a ce wa babban ya janye girman? Ina aka taɓa yi?"

Ta ƙulla mini kuka da daddawa a ƙyalle, ta ajiye a ƙasa kusa da ƙafata, don ko miƙo mini abu hannu da hannu ba ta yi. Na ɗauka na taho ina kuka ina zage-zage a hanya, ba wanda nake zagi takamaimai.

Tafki ya cika. Ya samo 'ya'yan tarwaɗa da karfasa daga masunta ya zuba. Gaskiya abin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Da safe in ya watsa musu dusa da ƙuli-ƙuli da gara, sai ruwan ya yi ta tafasa da bakuna. Suna girma cikina na girma. Masu dariya suka koma zuwa kallo, har wani mai sayar da kifi a kasuwar Funtua ya zo ya gani, ya ce da kaka duk zai kwashe. Ɗan'uwansa na Kaduna ya sake aikowa, maigidana ya ce a ce masa ya gode, yana nan gida.

Damina ta sauka, ya cika alkawari. Da hadari ya haɗo, ko yana gona ko yana cin abinci, sai ya ruga. Ya tsaya cikin ruwa har gwiwa yana yaye ganye da ciyawa daga asabari da hannu, ruwa na dukansa. Sau da yawa na gan shi yana tura tarwaɗa baya da ƙafa, suna ta turmutsutsu a bakin makwarara. Ya dawo yana rawar sanyi, in dafa masa ruwan zafi ina masifa. Ina cewa, "Ga bututu can yana hutawa a inuwa, kai kana aikinsa." Gefen makwararar kuma kullum sai ya ɗan zaizaye, ya cike da ƙasa, ruwa na gaba ya sake cinyewa.

Ranar da abin ya faru Lahadi ce, cikin marka. Da muka fita sujada a majami'a sama garau take. Muna tsakiyar waƙa gabas ta yi baƙi. Mai bishara ya gama wa'azi, ya ce dattijo zai yi mana addu'ar godiya saboda damina. Baba ya miƙe. Ya fara ke nan ruwa ya ɓarke a kan kwanon rufi, irin wanda ko muryar na kusa da kai ba ka ji.

Daga ɓangaren mata ina hango maigidana. Bencinsa na bayan na dattawa, Baba na tsaye dab da gabansa. Na ga ya buɗe ido ya dubi taga. Ya dubi ƙofa. Kafin ya kai ƙofar dole sai ya gifta ta gaban surukinsa yana tsakiyar addu'a. Ya ɗan ɗaga daga benci, na ce a raina yawwa, tashi. Sai ya koma ya zauna ya runtse ido. Na yi gyaran murya, na buga ƙafa, na zare masa ido, ko ya gani ko bai gani ba oho. Baba kuwa in ya kama addu'a ba ya gaggawa. Ya gode don dawa, ya gode don gero, ya gode don auduga, ya bi marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya, ya shiga shugabanni.

Ni na tashi. Da cikina niƙi-niƙi na ture matan da ke bencinmu na fita, ana ta jan zanena ana "Ke, ke!" Na kama hanya cikin ruwa, ina zamewa ina tashi. Da na zagayo bayan gida na tarar asabari ya zama bango, ganye da karare sun liƙe shi tam. Ruwa ya bar shi ya bi ta gefe, ya riga ya ci rami da zai haɗiye mutum. Na shiga na kama asabarin ina ja, ina ihu, wa zai ji ni? Ina riƙe da shi ƙasar da ke gabana ta tsage, kusurwar jinga ta zauna gaba ɗaya. Allah ne ya sa na faɗi ta baya, ba ta gaba ba. Ina zaune cikin taɓo na ga tafkin ya fita. Ya cika ramin ƙasa kafin ƙiftawar ido, ya haye shi, ya bazu cikin fadama. Ga kifi baƙi ƙirin a cikin jan ruwa, suna wucewa ta gabana, waɗansu har suna bugun ƙafata.

Sai da aka ce amin sannan ya iso, a guje, da rigarsa ta zuwa sujada. Ya tsaya a kan abin da ya rage na jinga.

Da ruwa ya tsagaita gari ya fito da kwanduna. Manya da yara suka bazu cikin fadama suna tsintar tarwaɗa a tsakanin kunyoyin shinkafa, ana shewa. Da yamma duk ƙauyen ƙamshin kifi yake. Har aka sami masu kirki da suka aiko mana da namu kason a akushi, wai na jaje. Kifinmu! Na ɗauki akushin na juye wa kare.

Bayan kwana biyu Inna ta zo duba ni, don an ce mata na faɗi. Ta zauna a bakin ƙofa ta ba ni gefe, ta dubi randa. Can ta ce, "Shi ma mai gidan can bai runtsa ba. Ya ce tun ranar gayya, da zai tafi, ya ga ƙarafan nan a bayan rumbu, ya tambaya aka yi masa bayani. Ya ce dabarar yaron ta fi."

Na tashi zaune. Na ce, "Ya ce me?"

Ta ce wa randar, "Ya ce shi da ma ba umarni ya bayar ba. Shiru ne ya yi yawa, ya rasa abin faɗa, ya kawo zancen da. Da ya ga an kama aiki kuma, ina zai ce a fasa? Yaro ya ɗaukaka shi a gaban mutane, sai ya watsa masa ƙasa a ido?"

Jama'a, ku ji fa. Wannan ya san ba daidai ba ne, wancan ya san ba daidai ba ne, Inna ta san duk su biyun sun sani. Wata da watanni suna haɗuwa kowace Lahadi, wannan ya durƙusa, wancan ya ce Allah ya yi albarka. Ba wanda ya iya buɗe baki ya faɗi kalma ɗaya, sai ni da aka ce in yi shiru.

Ban jira Inna ta tashi ba. Na ɗaura ɗankwali na wuce ta, na ƙetare rafi da ruwa har cinya. Na sami Baba a ƙofar gida a kan buzu, da waɗansu dattawa biyu. Ban durƙusa ba. Na tsaya a gabansa na dube shi cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tun da na zo duniya.

Na ce, "Baba, ka sani, ka yi shiru. Ka ga bututun, ka gane, ka yi shiru. Ko yaro ka aika ya ce a yi yadda aka shirya, da yanzu kifin na nan. Yanzu ga shi zai tafi ya bar ni. Wace irin kunya ce wannan da ta fi 'yarka?"

Dattawan nan suka hau salati irin namu, suna "Ubangiji ka yi jinƙai." Baba ya kawar da kai ya dubi bishiyar ɗorawa da ke gefe. Na jira. Na rantse da ya ce mini ko "yi haƙuri" ne, da na faɗi a ƙafarsa na yi kuka. Da ya buɗe baki sai ya ce wa ɗorawar, "A ba waccan wurin zama, ta sha hanya."

Shi ke nan abin da na samu. Kafin in dawo gida labari ya riga ni, wai 'yar fari ta tsaya a kan ubanta ta yi masa tsawa. Na zama mara kunyar ƙauye, mata na nuna ni da baki a bakin rijiya. Maigidana ma, wanda bai ɗaga murya ba ranar da tafkinsa ya tafi, ranar nan ya ɗaga. Ya ce na tozarta shi, da wane ido zai sake kallon Baba? Na ce da idon da ka kalli kifinka suna tafiya. Na roƙe shi ya sake gwadawa, ga bututu, ga rami, yanzu kowa ya ga gaskiya. Ya ce yanzu ne ma ba zai iya ba. In ya kafa bututun bayan abin da na yi, ya zama ya tsaya a bayana ya ce wa Baba kai ka jawo.

Bai jira kaka ba. Na raka shi tashar jirgin ƙasa a Funtua da akwatinsa na kwano, ban yi kuka a gabansa ba don haushi bai bar ni ba. Na haihu ba ya nan, mace. Daga nan na shiga sahun matan da nake tausayi. Sai Kirsimeti, turmin atamfa da tari. Tafkin ya cika da ciyawa, awaki na kiwo a ciki. Masu son bututun sun zo, wani zai yi indararo, wani zai yi turken rumfa, na ce duk wanda ya taɓa sai na sare masa hannu. Suna nan a bayan rumbu suna tsatsa.

Wata Kirsimeti, yarinyar ta fara wayo tana magana, ya iso da rana ana cikin hidima. Ranar Baba da Inna sun biyo ta ƙofar gidanmu daga majami'a, suna tsaye a waje ana gaisawa da jama'a. Ya ajiye jaka, ya fara durƙusa wa Baba tukuna, sannan ya juyo ya buɗe hannu ga 'yarsa. Ta dube shi, ta ruga ta ɓuya a bayan zanena, ta ce mini, "Inna, ga baƙo."

Mutane suka yi dariya. Shi ma ya yi, irin wadda ba ta kai zuci ba. 'Yar fari ce, bisa al'ada ko kallonta bai kamata in yi ba a gaban iyayena. Na kamo hannunta na fito da ita fili, na kira ta da sunanta, da ƙarfi, yadda Baba da Inna da duk wanda ke wurin zai ji. Na ce, "Wannan ubanki ne. Je ki gaishe shi."

Inna ta rufe fuska da mayafi. Baba ya dubi ƙasa. Yarinyar ta ƙanƙame ƙafata tana kuka, ta ƙi zuwa, shi kuwa yana tsugune da hannuwansa a buɗe.